Hotunan gidan yari da AI ke haɗawa: wa suke yi wa aiki?

Abu Sadiq:
Slm jama'a. Don Allah a daina turo hoton nan na fursunonin da aka jibge a ɗaki ɗaya, kullum ya shigo da sunan wata ƙasa daban yake shigowa. Ba na gaske ba ne, AI ne, wato injin ƙirƙirarriyar basira, ya haɗa shi. Ku buɗe ku zuƙo hannun mutumin da ke riƙe da ƙarfen ƙofa, yatsunsa sun narke sun shige cikin ƙarfen, sannan rubutun da ke ƙirjin rigar na bayansa ba harafi ba ne ba lamba ba, wani kwarkwaɗe ne kawai, ga wani haske da ya sauko ta taga ya faɗo daidai kan fuskar yaron da ke kuka sai ka ce darakta ne ya tsara. Abin da ya dame ni shi ne gidan yari waje ne da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, kuma ba a barin kyamara ta shiga, to kusan duk abin da muka sani a kansa daga hoto muka samo. In hoton ya zama na inji, ra'ayinmu a kan masu zaman kaso wa ya gina mana shi ke nan?

Sarkin Musu:
To Malam sai me? Hoton ne na ƙarya, cunkoson fa, shi ma ƙarya ne? Kowa ya san ana cusa mutane a ɗakin da ko rabinsu bai isa ya ɗauka ba. In hoton inji ne zai sa mutane su ji tausayi har su buɗe baki ni wlh ban ga aibunsa ba.

Maman Hanan:
Gsky ina bayan Sarkin Musu a nan. Mutane ba sa karanta dogon rubutu, ka kawo rahoto mai shafi 50 babu mai buɗewa, amma hoto ɗaya kafin yamma ya zaga ko'ina.

Barista:
Maman Hanan bari in ba ki labarin abin da ya faru tun ba a san wani AI ba ki ga inda wannan lissafin ke kaiwa. Ƙarshen Afrilun 2004 tashar CBS ta Amurka ta fitar da hotunan kurkukun Abu Guraib da ke Iraƙi, na gaske, sojojin Amurka da kansu suka ɗauka suna wulaƙanta fursunonin Iraƙi, kuma hotunan nan su suka kai wasunsu kotun soja har aka ɗaure su. Kwanaki kaɗan bayan nan jaridar Daily Mirror ta Birtaniya ta buga nata, wai sojojin Birtaniya ne ke cin zarafin wani ɗan Iraƙi a bayan babbar mota. Da aka bincika sai ga shi shirya su aka yi, motar ma ba a taɓa kai ta Iraƙi ba. Ranar 14 ga Mayu aka kori editan, Piers Morgan, jaridar ta fito ta ba da haƙuri.

To abin da ake mantawa shi ne cin zarafin a hannun sojojin Birtaniya ya faru da gaske. Wani ɗan Iraƙi, Baha Mousa, ya mutu a tsare a hannunsu a Basra cikin Satumbar 2003 da raunuka 93 a jikinsa. Amma sai magana ta koma kan hoton jabu da korar edita, duk mai son wanke sojoji ya samu abin nunawa. Ni a kotu ma haka nake gani, ka kawo shaidu masu ƙarfi ka haɗa da guda ɗaya ta ƙarya, a kanta lauyan ɗaya ɓangaren zai kwana, alƙali kuma ya fara kallon sauran da wani ido.

Sarkin Musu:
Barista ka iya tsara magana kam, amma waccan jarida ce mai suna da ofis. Wannan a waya yake yawo, wa zai kori wa?

Barista:
Ai shi ya sa ya fi muni ɗan'uwa, babu mai ba da haƙuri babu mai janyewa.

Injiniya:
Bari in shigo ta ɓangaren da na ɗan taɓa. Injin nan bai taɓa ganin gidan yari ba, abin da ya gani miliyoyin hotunan intanet ne da rubutun da ke ƙarƙashinsu, kuma hotunan kurkuku da suka cika intanet na finafinai ne da na wasannin kwamfuta da irin waɗanda ake sayar wa jaridu na hannaye biyu riƙe da sandunan ƙarfe. To in ka ce masa zana min fursuna tsakatsakin waɗancan zai ba ka, riga ruwan goro, ƙarfe, wani ƙato da zane a wuya yana harara, ko wani ya takure a lungu cikin duhu. A 2023 kafar labarai ta Bloomberg sun gwada wani injin haɗa hoto mai suna Stable Diffusion, suka sa shi ya fitar da hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban da na masu laifi, da aka ce ya zana ɗan kurkuku sama da kashi 80 cikin 100 masu duhun fata ya fitar, alhali a alƙaluman hukumar gidajen yarin tarayyar Amurka waɗanda ba farare ba ko rabi ba su kai ba. Ba wanda ya ce masa ya yi wariya fa, abin da ya haɗiya ya amayar har ya ƙara gishiri. Yanzu kuma waɗannan hotunan suna komawa intanet, ƙananan shafukan labarai suna liƙa su a saman labari don ba sai sun biya mai hoto ba, injin da za a ƙera gobe kuma daga su zai koya.

Baba Gandiroba:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na yi aikin nan har na yi ritaya, ina ta karanta ku. Hotunan da jikokina ke nuna min a waya iri biyu ne, ko a nuna ɗan sarƙa a matsayin dodo ko a nuna shi yana zubar da hawaye abin tausayi. Wanda ni na sani mutum ne da ke zaune yana jira. Jiran ƙidaya da safe, jiran a buɗe, layin ruwa, layin banɗaki, jiran ranar kotu, ranar ta zo a ce motar da za ta kai su ta lalace ko alƙali bai zauna ba an ɗaga sai wani watan. Wannan wane hoto ne zai ɗauko shi? Ga wari ga zafi ga hayaniyar da ba ta yankewa, ga kwana a gefe ɗaya kowa ya manne da na gabansa, in za a juya sai dai a juya tare don babu wurin kwanciya rigingine, ga ƙazuwa, ga tarin da in ya kama mutum ɗaya sai ya zaga ɗakin. Mu ma ma'aikata a hoton inji kullum ƙartai ne da kulki da baƙin gilashi, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne da tarin makullai a hannu yana tsaron jama'ar da ba zai iya da su ba in suka tashi, shi ma a tsorace yake.

Maman Hanan:
Allah sarki Baba. Allah ya saka da alheri, wannan juyawa tare ɗin ta tsaya min a rai.

Barista:
Baba ya taɓo inda ciwon yake. A duniya akwai mutane wajen miliyan 11 da rabi a tsare, kuma a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 1 cikin kowane 3 ba a yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake. A doka waɗannan ba masu laifi ba ne tukuna. Hoton inji bai san wannan bambancin ba, duk wanda ya zana maka a bayan ƙarfe fuskar wanda ya riga ya aikata yake ba shi. Mutumin da idonsa ya saba da wannan fuskar in ka ce masa a sassauta sharaɗin beli ko a rage cunkoso sai ya ji kamar cewa ka yi a sako masa dodanni, in wanda ya fito ya zo neman aiki wajensa kuwa ka san amsar.

Sarkin Musu:
Hhhh ni wanda ya fi ba ni haushi ma shi ne ɗaya irin, wai kurkukun Turai da tafkin wanka da gado na alfarma, sai ka ga a kwament ana cewa don Allah a zo a ɗaure ni a can.

Injiniya:
Wannan akwai tushensa, shi ya sa yake shiga. Kurkukun Halden a ƙasar Norwe an buɗe shi a 2010, da gaske ɗakin fursuna na da talabijin da ƙaramin firji da banɗakinsa, taga kuma babu sanduna, don su a tsarinsu hana ka 'yancinka shi ne hukuncin ba sai an ƙara da azaba ba. Sai mai neman layik ya ɗauki wannan ya ba inji ya ƙara masa fitilun otal da tafki. Wanda ya gani ya yi dariya ya wuce, maganar da ta kamata a yi, wato ko irin wannan tsarin yana rage komawa laifi, ta bi ruwa.

Ga kuma juyin abin. A 2016 Noel Celis na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauki hotunan kurkukun Quezon City a Filifin, wurin da aka gina don mutum 800 yana ɗauke da 3,800, mutane kwance a kan matakalar bene da filin ƙwallon kwando jiki a kan jiki babu inda za ka sa ƙafa. Na rantse in na turo shi nan yanzu ba tare da bayani ba rabinku AI za ku ce.

Ɗan Jarida:
Yawwa Injiniya, nan nake jira a zo. Sarkin Musu ka saurari wannan. Ranar 8 ga Disamba 2024 gwamnatin Assad ta Siriya ta faɗi aka fasa ƙofofin kurkukun Saidnaya, dubban iyalai suka yi tururuwa can neman 'yan'uwansu. Sai ga wani hoto ya karaɗe duniya, mutum a rame ido a zazzare yana leƙowa daga rami, wai an same shi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Masu tantance labarai suka bi sawu suka gano daga wani bidiyon TikTok aka yanko shi, na AI, an ɗora shi tun kafin a buɗe gidan yarin ma. A daidai lokacin jita-jitar ɗakunan sirri ta yi ƙarfi, mutane na fasa bango suna haƙa ƙasa, sai da 'yan agajin White Helmets suka shiga da karnuka da ƙwararru suka gama dubawa suka sanar ba su samu wani ɓoyayyen ɗaki ba. Ka tuna uwar da ɗanta ya ɓace shekara da shekaru ta ga wancan hoton, me ka sa mata a zuciya?

Kuma wurin nan ba ya buƙatar a ƙara masa komai. Amnesty a rahotonta na 2017 ta ce an rataye tsakanin mutum 5,000 zuwa 13,000 a can daga 2011 zuwa 2015. Akwai hotunan Caesar, mai ɗaukar hoto na 'yan sandan soja da ya fice daga Siriya a 2013 da dubban hotunan gawarwakin waɗanda suka mutu a tsare, Human Rights Watch ta zauna ta tantance ta ce aƙalla mutum 6,786 ne daban-daban, kuma an yi amfani da su a kotun Koblenz ta Jamus inda aka yi wa tsohon jami'in leƙen asirin Siriya Anwar Raslan ɗaurin rai da rai a Janairun 2022. Da aka tambayi Assad a wata hira a 2017 cewa ya yi wa ya sani ko da Photoshop aka haɗa. A lokacin mutane kaɗan suka saya. Yau duk hoton bogi da muka tura muna ƙara wa irin wannan amsar ƙarfi ne, azzalumi ba sai ya ɓoye hoto ba, ya ce AI ne kawai ya tafi abinsa.

Sarkin Musu:
To wannan na ji shi. Amma ka yarda dai ba masu waya kaɗai ke shirya hoto ba.

Ɗan Jarida:
Sosai ma, ai mai makulli shi ke da kyamara tun asali. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1959 da ta hana buga hoton gidan yari ko na fursuna ba izini, sannan a 1977 gwamnatin da kanta ta kwashi 'yan jarida zuwa tsibirin Robben aka ɗauki Mandela a lambu da shebur a hannu don duniya ta ga ai lafiya lau suke. Hoton Gwantanamo na Janairun 2002 na mutane durƙushe cikin riga ruwan goro sojan ruwan Amurka ne ya ɗauka, ma'aikatar tsaronsu ta fitar. Na zamanin nan kuwa kurkukun CECOT ne a El Salbado, an buɗe shi farkon 2023, an ce zai ɗauki mutum 40,000, bidiyoyin da kuke gani na masu aski ƙwal da farin gajeren wando a jere kai a sunkuye duk na gaske ne amma kyamarar gwamnatin shugaban ƙasar, Bukele, ce, ita ta zaɓi haske ta zaɓi kiɗa. Ana turawa ana cewa haka ake maganin 'yan daba, ba a nuna maka dubban da gwamnatin da bakinta ta yarda ta kama ba su da laifi ta sake su daga baya.

Abin da AI ya ƙara shi ne yanzu ko kyamarar ma ba a buƙata. A Maris 2023 Eliot Higgins na shafin binciken ƙwaƙwaf na Bellingcat ya yi wasa da injin haɗa hoto na Midjourney ya haɗa hotunan 'yan sanda suna kama Trump har da shi a kurkuku, shi ya faɗa na wasa ne amma miliyoyi suka gani wasu suka ɗauka gaske. A Yunin 2025 ma'aikatar tsaron cikin gidan Amurka ta ɗora hoton AI na kadoji sanye da hular ICE, hukumar shige da ficensu, don tallata sansanin tsare baƙin haure a Fulorida, a Yuli kuma Trump ya ɗora bidiyon AI na an kama Obama an jefa shi a sel. Kurkuku ya zama abin barkwanci da abin yi wa abokin hamayya barazana.

Hajiya Babba:
Ni ban san waɗannan ƙasashen ba amma ƙanina ya yi zaman jiran shari'a na je duba shi. Tun a ƙofa ake karɓe waya, a rubuta sunanki a wani katon littafi, a caje ki, sannan ki tsaya gaban wata raga mai ƙananan ramuka shi yana can ke kina nan, mutane da yawa kowa na ɗaga murya don nasa ya ji, kafin ki gama tambayar lafiyarsa an ce lokaci ya yi. Bai yi kuka ba bai yi harara ba, tambayata yake ta yi ko lauya ya ce wani abu a kan ranar zama, kuma ya ce kar in gaya wa mahaifiyarmu ya rame. Daga baya kotu ta sallame shi. Abin da ya fi min ciwo, lokacin yana ciki irin waɗannan hotunan ake nuna wa tsohuwar a waya ana cewa ga yadda suke, ta daina barci. Sarkin Musu, tausayin da kake cewa hoto na jawowa wani lokaci a kan iyalan yake sauka.

Sarkin Musu:
Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma har yanzu ina da tambaya, wurin da aka hana kyamara gaba ɗaya fa, sai a naɗe hannu?

Malama Zee:
Tambayar na da kyau kuma an gwada. Ostireliya ta riƙa tura masu neman mafaka tsibiran Nauru da Manus, ana hana 'yan jarida shiga, a 2014 ma Nauru ta mayar da kuɗin bizar ɗan jarida dalar Ostireliya 8,000 kuma ko an hana ka ba a mayar maka. A 2023 wani kamfanin lauyoyi, Maurice Blackburn, ya ɗauki bayanan waɗanda suka zauna a can ya yi amfani da AI aka zana abin da suka faɗa, aka bayyana ƙarara cewa na inji ne. Kafin nan a 2016 Amnesty da ƙungiyar bincike ta Forensic Architecture sun gina siffar Saidnaya a kwamfuta daga abin da tsofaffin fursunoni suka tuna, galibi da kunne ma, don a duhu da shiru aka tsare su, sautin ƙofa da takun gandirobobi suka yi amfani da shi wajen auna wurin. Wannan ni ban ga laifinsa ba.

Barista:
Malama bambancin a fili yake, can akwai mutum na gaske da ya ba da shaida, an faɗi yadda aka yi, wanda ke musu zai iya zuwa ya ƙalubalanta. Wannan na guruf ɗinmu wa ya ba da shaidarsa? Duk da haka ni ko na Ostireliyan ina ɗari-ɗari da shi.

Injiniya:
Nima, saboda bayanin a ƙasan hoto yake, sikirinshot ɗaya ya yanke shi. Amnesty ma ta ɗanɗana, a 2023 ta sa hotunan AI a kan zanga-zangar Kolombiya ta 2021, ta rubuta a jiki cewa na AI ne, niyyarta kare fuskokin masu zanga-zanga, amma launukan tutar ƙasar ma a birkice suka fito, aka yi mata ca har ta cire. Kuma don Allah a daina dogaro da ƙirga yatsu, sababbin injinan sun gyara wannan. Ku sa hoton a Google Lens ku ga inda ya fara fitowa da ranar, ku tambayi sunan gidan yarin da sunan wanda ya ɗauka, in babu ko ɗaya kar ku tura. Google na sa wata ɓoyayyar alama mai suna SynthID a hotunan injinsu, amma ba kowane kamfani ke yi ba.

Maman Hanan:
To wai babu wasu da doka ta ba su damar shiga su duba ne, dole sai hoto?

Barista:
Akwai. Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015 sun ce a riƙa samun masu dubawa daga waje masu zaman kansu. Akwai kuma ƙarin yarjejeniyar hana azabtarwa da ta fara aiki a 2006, ƙasashe sama da 90 sun shiga, ta ba masu sa ido damar shiga wuraren tsare mutane su gana da fursuna su kaɗai. Red Cross ma na shiga amma rahotonta ga hukuma take miƙawa a asirce, ba ta bugawa. Rahotannin da ake bugawa kuwa su ne masu shafi 50 ɗin da kika ce babu mai buɗewa.

Baba Gandiroba:
Barista in dai an sanar da zuwansu to fenti za su gani da sababbin barguna, marasa lafiya kuma an matsar da su wani ɓangare, da idona na ga ana yi. Mai son sani ya zo ba sanarwa, ya zo da daddare bayan an kulle, ya ce a buɗe masa ɗakin 'yan jiran shari'a ya ƙirga kawuna da kansa ya haɗa da abin da ke rubuce a allo.

Sarkin Musu:
Baba to su waye za su bar shi ya shiga da daddaren? Nan fa nake tun ɗazu. Cajina ya kusa ƙarewa, Barista ka ajiye min amsar wannan zuwa anjima.